Shirya Yaro Don Lissafin Aljabara

Yaron da ya gama aji 6 na firamare yana da jarrabawa a gabansa. Mai neman shiga sakandaren Gwamnatin Tarayya zai rubuta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa, kuma lissafi na cikinta. Da zarar ya shiga aji 1, sai a fara masa aljabara, watau lissafin da ake sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba. Sunan ya samo asali ne daga littafin Al-Khwarizmi, wani masanin Bagadaza, wajen shekara ta 820.

Yawancin yaran da aljabara ke kayarwa, tushe ne bai zauna ba: jadawalin sau, rabawa, da su rabi, sulusi da rubu'i. Wannan kuwa manomi na iya koyarwa ko bai yi boko ba.

Ga misali. Ƙungiya ta sayo buhu 12 na taki, kowane manomi ya sami 3. Manoma nawa ne? A makaranta za a rubuta 3x = 12. Amsa 4. Ka bar yaro ya nemo da kansa, sa'an nan ya faɗi yadda ya yi.

Ranar kasuwa, shi zai ƙirga mudu, ya lissafa canji. Kowace yamma a ware masa minti 20, 'yan mata da maza duka. Kada a buge shi in ya kuskure, domin tsoro yana toshe kai. Da sanyin safiya ake kama fara.