Abin da Ya Sa Injin Lissafi Kan Kuskure Kintacen Hadari

Sau da yawa akan sanar za a yi ruwa a gunduma kaza, amma hadarin ya zarce ya zuba a ta maƙwabta. Ya kamata Hakimai da malamansu su san dalili, domin su fahimtar da jama'arsu.

Ma'aikatan duba yanayi sukan auna zafi da laima da gudun iska, sa'an nan su ba kwamfuta, watau injin lissafi, ta lasafta yadda sama za ta kasance. Kuskure kuwa ta ƙofa uku yake shiga.

Ta fari, taƙaita lambobi. A 1961 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya so maimaita wani lissafin yanayi. Maimakon 0.506127 sai ya ba injin 0.506. Da lissafin ya kai na kamar wata biyu, amsar ba ta ko kama da ta farko ba, gama ɗan kuskure a sha'anin iska riɓanya yake yi.

Ta biyu, faɗin gidaje. Injin yana yanka sararin sama gida-gida kamar na dara. A cibiyar kintace ta Turai kowane gida kimanin kilomita 9 ne. Iskar da ke tashi sama ta haɗa hadari kuwa sau da yawa ba ta kai faɗin haka ba, tilas injin ya yi mata ƙiyasi.

Ta uku, ƙarancin tashoshin awo a Afirka ta Yamma, alhali yawancin ruwan daminarmu daga irin hadarin nan mai tasowa daga gabas yake zuwa.

Domin rage wannan matsala, tun 1992 akan maimaita lissafin, yanzu kamar sau 50, kowane karo a ɗan sauya lambobin farko. In 40 sun nuna ruwa, sai a ce ana sa ransa kashi 80 cikin ɗari.

Saboda haka a bayyana wa jama'a cewa kintacen gobe ya fi na mako mai zuwa ƙarfi, kuma ainihin inda hadari zai zuba ba ya bayyana sai saura 'yan sa'o'i. In an yi gargaɗin iska, lalle a ɗaure jinka, a kau da dabbobi daga bakin rafi. Shuka kuwa, a jira sai ƙasa ta jiƙa sosai.