Ko Kun Sani?

J.R.R. Tolkien, marubucin Ingila da ya yi fice a labaran aljanu da dodanni, ya rasu a 1973 bai ƙarasa babbar waƙarsa ta labari ba, wato The Lay of Leithian. Labarin soyayyar Beren da Lúthien ne, sunayen da aka rubuta a kabarinsa da na matarsa Edith a Oxford. Ya fara waƙar a 1925, ya tsara ɗango fiye da 4,000, sannan ya ajiye ta a 1931. Ɗansa Christopher ya buga ta a 1985 tare da gyare-gyaren mahaifinsa. Ta cancanci karatu, domin a cikinta ake ganin yadda gwani ke sassaƙa baiti har ya zauna daram.