Gadarif: Wa ke mulkin garin da ke ciyar da Sudan?

Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, manyan motoci kan yi jerin gwano zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif a gabashin Sudan. Riɗi ne ke fara shigowa, daga baya dawa ta biyo. Farashin da aka tsayar a wannan kasuwa shi 'yan kasuwar Port Sudan masu fitar da kaya waje ke jira. Amma a unguwanni da dama na garin, magidanta na sayen ruwan sha ne ganga-ganga daga masu amalanken jaki.

Me ya sa garin da ake kira rumbun Sudan yake fama da ƙishirwa? Amsar na tattare da yadda ake mulkinsa: wa ke naɗa shugabanni, wa ke riƙe da kuɗi, wa kuma ke da ta cewa a kan ƙasar noma. Ga dubban Hausawan da ke zaune a jihar, waɗannan tambayoyi sun shafi gonarsu da takardunsu na zama 'yan ƙasa.

Ina ne Gadarif?

Garin na da nisan kimanin kilomita 410 daga Khartum, kuma shi ne hedikwatar jihar Gadarif mai iyaka da Habasha. Ƙidayar 2008 ta nuna garin na da mutum kusan dubu 270, jihar kuma sama da miliyan 1.3.

Asalinsa kasuwa ce. A ƙarni na 19 ana kiran wurin Suƙ Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar ƙabilar Shukriyya. Mutanen gari kan ce sunan Gadarif ya samo asali ne daga shelar da ake yi idan kasuwa ta tashi, cewa wanda ya gama cinikinsa ya kama hanya. Jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ya haɗa garin da Kassala da Sennar.

Abin da ya sauya garin baki ɗaya shi ne tarakta. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noman inji a Gadambaliya, kusa da Gadarif, a baƙar ƙasa mai danƙo wadda ba ta buƙatar ban-ruwa sai ruwan sama. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji, ta dinga yanka manyan gonaki, galibi fadan 1,000 ko fiye, tana ba masu hali haya. Fadan ɗaya ya kusa rabin hekta. A shekarun 1960 ne kuma aka gina katafaren rumbun siminti mai cin tan dubu 100 da taimakon Tarayyar Sobiyet, wanda har yau ake hango shi daga nesa.

Tarakta na yin huɗa da shuka, amma ciyawa da yankan riɗi aikin hannu ne. Shi ya jawo 'yan ƙwadago daga yammacin Sudan, daga Habasha, da kuma daga ƙauyukan Hausawa.

Hanyar iko ta farko: hukuma

An kafa jihar Gadarif a 1994, lokacin da gwamnatin Umar al-Bashir ta karkasa ƙasar zuwa jihohi 26. A saman jiha akwai gwamna, wanda ake kira wali. Ƙarƙashinsa akwai ƙananan hukumomi 12 da ake kira mahalliyya, daga cikinsu akwai Baladiyyar Gadarif, wato cikin gari, da Fashaga, Faw, Rahad, Mafaza, Basunda, Butana, da Gallabat ta Gabas da ta Yamma.

A takarda, mahalliyya ce ke kula da makarantun firamare, ƙananan asibitoci, kasuwanni da kwashe shara. Aikinta ya yi kama da na ƙaramar hukuma a Najeriya ko ma'aikatar magajin gari a Nijar. Bambancin shi ne yadda shugabanta ke hawa kujera. A zamanin al-Bashir ana kiransa mu'utamad, kuma gwamna ne ke naɗa shi, kamar dai kantoma. Bayan faɗuwar gwamnatin a 2019, ma'aikatan gwamnati masu muƙamin daraktan zartarwa suka karɓi ragamar, su ma naɗa su ake yi.

Kujerar gwamna ma haka take. A zaɓen 2010 jama'a sun zaɓi gwamna da ƙuri'arsu, inda Karamallah Abbas, wani babban manomi ɗan jam'iyya mai mulki, ya yi nasara. Bai kammala wa'adinsa ba. Ya sauka a 2012 bayan takun-saƙa da ma'aikatar kuɗi ta tarayya kan kason jihar. A 2015 aka gyara tsarin mulki, aka mayar wa shugaban ƙasa ikon naɗa gwamnoni, kuma tun daga nan ba a sake zaɓen gwamna ba. Majalisun dokokin jihohi da aka rushe a 2019 ma ba a sake zaɓensu ba.

Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. Mahalliyya na tara kuɗin kasuwa da na lasisi da na dabbobi, amma manyan ayyuka sai an jira kuɗi daga jiha ko tarayya. Idan kuɗin bai zo ba, talaka ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kowa da ita. Masu karatu a Nijar sun san irin wannan, tun da gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 ta naɗa masu riƙo. A Najeriya ma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

A can ƙasa akwai kwamitocin unguwa. A zamanin al-Bashir ana kiransu lijan sha'abiyya, bayan 2019 aka maye gurbinsu da kwamitocin sauyi da hidima. Sunansu ƙarami ne, amma su ke ba da takardar shaidar zama a unguwa, kuma ta hannunsu rabon burodi da iskar gas ya dinga bi a lokutan ƙaranci.

Hanyar iko ta biyu: sarauta

Kusa da hukuma akwai mulkin gargajiya, wanda ake kira idara ahaliyya. Matakansa uku ne: nazir a sama, sai umda, sai shehun ƙauye, kwatankwacin sarki da hakimi da dagaci. Daga cikin manyan gidajen nazir a jihar akwai na Shukriyya, na Dabaina da gidan Bakr. Shugaba Jafar Numeiri ya soke wannan tsari a farkon shekarun 1970, amma gwamnatocin baya suka dawo da shi saboda ba su da wanda zai sasanta manoma da makiyaya kamar sarakuna.

Ƙarfin nazir na cikin kalma ɗaya: dar, wato ƙasar da aka san ta wata ƙabila ce tun asali. A nan ne doka da al'ada suka sha bamban. Dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma da ita aka yanka gonakin inji. Al'ada kuwa ta ce ƙasar ta masu dar ce. Ƙaramin manomin da ba shi da takardar haya daga gwamnati, kuma ƙabilarsa ba ta da dar, yana noma ne da yardar wasu.

Ina Hausawa suka tsaya?

Hanyar Hajji ce ta kawo kakannin yawancin Hausawan Sudan, waɗanda ake haɗawa da Fulani da Barebari a kira su Fallata ko Takari. Hijirar ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a suka zauna a bakin kogin Blue Nile. A jihar Gadarif, Hausawa sun kafa ƙauyuka a gaɓar kogunan Rahad da Atbara suna noma da su, wasu kuma suka shiga kasuwanci da sana'o'i a cikin gari.

Suna da shehunansu da umdodinsu, amma a ƙarƙashin nazirorin wasu ƙabilu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar iyalai da yawa a waje. Dokar 1994 ta sassauta, ta mayar da ma'aunin 1 ga Janairun 1956. Duk da haka, mai neman lambar ɗan ƙasa na buƙatar shaidu, kuma kalmar umda ko shehu na da nauyi a wannan mataki.

Rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya ci rayuka sama da 100, ya taso ne bayan Hausawan can sun nemi masarautarsu, wasu ƙabilu suka ɗauki hakan a matsayin neman dar. Hausawa sun yi zanga-zanga a garuruwa da dama, ciki har da Gadarif. Wannan ya nuna cewa a Sudan maganar rawani maganar ƙasa ce.

Ruwa da yaƙi

Gadarif na zaune a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne. Shekara da shekaru garin na dogaro da bututun da ke jawo ruwa daga Showak a bakin kogin Atbara, da rijiyoyi, da tafkunan da aka haƙa don tara ruwan sama. Birnin Eindhoven na ƙasar Holan, wanda ya ƙulla ƙawance da Gadarif, ya taimaka a wasu ayyukan ruwa. Lokacin da aka buɗe madatsar kogunan Atbara da Setit a 2017, an yi alƙawarin jawo ruwa daga can, aikin da hukuma ta sa wa suna "maganin dindindin". Aikin ya fi ƙarfin aljihun mahalliyya, ya kuma ɗauki shekaru yana jiran kuɗi.

Haƙurin mutanen garin ya taɓa ƙarewa. A ranar 20 ga Disambar 2018 Gadarif na cikin garuruwan farko da suka fito kan tsadar burodi, aka kashe mutane da dama, a boren da ya kai ga kifar da al-Bashir.

Tun daga nan nauyi sai ƙaruwa yake yi. A Nuwambar 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba saboda 'yan gudun hijirar Tigray. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF bai shigo cikin garin ba, amma bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da Singa a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane sun kwararo jihar. Makarantu sun zama masauki, malamai sun shafe watanni ba albashi, an kuma ayyana ɓarkewar kwalara a Satumbar 2023. Matasan unguwanni da masallatai da 'yan kasuwa ne suka ɗauki babban kaso na ciyar da baƙin.

Abin lura ga 'yan uwa

Duk tsarin mulkin da za a tattauna bayan yaƙi, abubuwa biyu ne za su fi shafar Bahaushen Gadarif: ko za a bar jama'a su zaɓi majalisar mahalliyya, da kuma ko za a yi wa ƙananan gonakin gaɓar kogi rajista da sunan masu noma su. Kafin nan, ikon da ya fi kusa da shi yana kwamitin unguwa da zauren umda. Al'ummar da ba ta da wakili a waɗannan wurare biyu, sai dai ta ji an yanke magana a kan gonarta da famfonta.