Landan zuwa Faris a kan keke cikin awa 24, saboda yaran da tsokarsu ke shanyewa

A ƙasar Birtaniya akwai wata tafiyar keke mai suna Duchenne Dash, wadda ƙungiyar Duchenne UK ke shiryawa. Mahaya kan tashi daga Landan, su taka keke har gaɓar teku a Newhaven, su shiga jirgin ruwa cikin dare zuwa Dieppe a Faransa, sannan su sake hawa da asuba har Hasumiyar Eiffel a birnin Faris. Tazarar da ake takawa ta kai kusan kilomita 300, wato ta fi nisan Kano zuwa Kaduna, kuma dole a gama cikin awa 24. Ɗan barcin da ake samu bai wuce na cikin jirgi ba.

Yawancinsu ba ’yan wasa ba ne. Akwai iyaye, likitoci da ma’aikatan ofis, kuma kowa sai ya nemi gudummawar dangi da abokai. Kuɗin na tafiya ne ga binciken maganin ciwon Duchenne. Iyaye mata biyu, Emily Reuben da Alex Johnson, su suka kafa ƙungiyar bayan an gano ciwon a jikin ’ya’yansu maza.

Mene ne wannan ciwo? Shi ne mafi yawa a cikin cututtukan shanyewar tsoka da ke kama yara. Yana shafar kusan namiji ɗaya a cikin 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa, ba ya zaɓen ƙasa ko launin fata. Jikin yaron ba ya samar da wani sinadari mai suna distrofin da ke kare tsoka, don haka sai ta riƙa lalacewa sannu a hankali. Alamu kan bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 5: jinkirin fara tafiya, yawan faɗuwa, wahalar hawa matakala, tafiya a kan yatsu, da sha-raɓa mai girma amma ba ƙarfi. In zai tashi daga ƙasa, sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyi da hannu. Da yawa kan koma keken guragu kusan shekara 12, daga baya ciwon ya taɓa zuciya da numfashi.

Har yanzu babu maganin warkewa, amma bincike ya kawo sauƙi. A 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ciwon. Magunguna irin su prednisolone na jinkirta raunin tsoka, kuma da kula da zuciya da na’urar taimakon numfashi, da yawa yanzu suna haura shekara 20, wasu har 30. A 2023 Amurka ta amince da maganin ƙwayar gado na Elevidys, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 3, kuma likitoci na ci gaba da sa ido kan illarsa ga hanta. Shi ya sa mahayan ba su ajiye kekunansu ba.

Iyaye, a nan gida akan ɗauki irin waɗannan alamu a matsayin shan inna, ko iska, ko lalaci. In kun ga haka ga ɗanku, ku kai shi wurin likitan yara ku nemi gwajin jini na CK; a mai Duchenne adadin kan yi sama ƙwarai. Kada kuma a ɗora wa uwa laifi. Gaskiya ne ta wajen uwa ake gadonsa, amma ba ta da yadda za ta yi, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon ba su gaje shi daga kowa ba. Ganowa da wuri na ba yaro damar fara magani da gashin jiki tun yana tafiya da ƙafarsa, ya kuma ba ’yan’uwansa mata damar neman shawarar likita kafin aure.