Wa Aka Shawarta A Karfi?

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da damina, in ya iso Karfi zai ga masara dama da hagu. Mu da muka tashi kan dawa da gero mun san lokacin da ta shigo da ƙarfinta. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Irin masarar kuwa ya samo asali daga cibiyar bincike ta Ibadan, wadda gidauniyoyin Ford da Rockefeller na Amurka suka kafa a 1967.

Ba mu musun alherin da aka gani: an yi hanyoyi, an kawo takin zamani da rahusa. Karɓar kyautar baƙo ma ba haramun ba ne, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi ta Muƙauƙis, sarkin Masar. Abin tambaya shi ne, wa aka shawarta? Manomi ya gaji haɗa gero da dawa da wake a gona guda, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Masu tsari suka ce wannan duhun kai ne, a shuka iri guda. Alhali Manzo da kansa, a kan barbarar dabino, ya bar wa manoman Madina sanin sana'arsu.

To, sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan kasuwa da ma'aikata. Malaman gona sun fi zuwa wurin waɗanda aka kira manoma masu ci gaba, kuma da yawansu mu ne, masu albashi da jari. Taki ya bi ƙofarmu kafin ta talaka, wasunmu har suka saye gonarsa. Gwamnatin Balarabe Musa, wadda ta hau a 1979, ta ƙi sharuɗɗan Bankin na faɗaɗa shirin a duk Jihar Kaduna ta lokacin.

Bayan 1986 taki ya yi ta tsada, ga ƙasa ta riga ta saba da shi, masara kuwa ba ta haƙuri irin na gero. Waɗanda suka rubuta tsarin sun daɗe da komawa gida. A 2006 gidauniyoyin Rockefeller da Gates suka sake ɗaura wani shirin don manoman Afirka duka. Dattawan Karfi da suka ga na farko suna nan, kuma sun san irin da ake saye kowace shekara da wanda ake ɗebowa daga rumbu.