Cec Thompson: ɗan wasan zari-ruga da ya koma aji bayan ya girma

A nan Guéma, in ka ce wa yaro zari-ruga sai ya tsaya yana kallonka, don mu ƙwallon ƙafa muka sani. Amma labarin Cec Thompson ya daɗe yana yi mini yawo a rai, musamman in na ga ɗalibina ya bar lakwal ya hau zemijan yana yawo a titunan Parakou.

An haifi Thompson a arewacin Ingila a 1926. Mahaifinsa baƙar fata ne daga Tirinidad, ya rasu tun yaron bai san shi ba, mahaifiyarsa kuma Baturiya. A gidajen marayu ya tashi, ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, karatu da rubutu sai dai a hankali.

Wasan da ya yi shi ne zari-ruga mai 'yan wasa 13, wanda ya ɓalle daga mai 15 a 1895 kan batun biyan ma'aikata ladan ranakun da suka bar aiki don wasa. Thompson ɗan gaba ne, wato cikin ƙartin da ke cusa kai a turereniya su sha karo. Ya fara da ƙungiyar Hunslet a Leeds, kuma a 1951 ya buga wa Birtaniya wasa biyu da New Zealand, lokacin da baƙar fata a wannan riga abin ƙirgawa ne da yatsu. Daga baya ya koma Workington Town, har ya buga wasan ƙarshe na kofi a Wembley a 1955, inda Barrow ta doke su.

To, ni abin da ya fi kama ni ya zo ne bayan wasa. Mutumin yana sana'ar wanke tagogi, da dare kuma yana zaman karatu. Ka duba fa, wanda dubban mutane suka yi wa tafi ne ya zauna yana koyon abin da yaran aji suka riga shi sani. Haka ya daure har ya shiga Jami'ar Leeds, ya fito da digiri a fannin tattalin arziki yana da shekara arba'in da 'yan kai.

Ya koyar a makarantar sakandare a Chesterfield, ya shugabanci sashen tattalin arziki, ya kuma taimaka wajen kafa gasar zari-ruga ta ɗalibai. Ya rasu a 2011.