Labarin Dabbobi, Madubin Mutane

A Kankiya da Kusada, idan an gama aikin kaka, an zuba gero da dawa a rumbu, hirar dare takan yi daɗi. Tsohuwa ta tara jikoki ta ba su labarin Gizo da kura da zaki. Yara su yi ta dariya, amma babba ya san ba da dabbar jeji ake ba. Zaki mai mulki ne, kura kwaɗayi ce, Gizo kuwa wayon talaka ne. Tun kaka da kakanni mun san abin da baki ke tsoron faɗa wa mai iko, akan sa shi a bakin dabba.

Ƙasar Katsina ta ba mu marubuta biyu da suka ɗauki wannan dabara suka sa ta a littafi. Na fari shi ne Alhaji Abubakar Imam, wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. A cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, wani waziri ya haɗa baki da abokan gaba don kwaɗayin gadon sarauta. Sarki ya fita yaƙi, ɗan sarki kuma ya matsa sai ya bi sawu. Aku ne ya riƙe shi da labari, dare bayan dare, har sarki ya komo. Ashe magana mai hikima takan tsare ran da takobi ba zai iya tsarewa ba.

Na biyu shi ne Bala Abdullahi Funtua. Wani Bature ɗan Ingila, George Orwell, ya fitar da littafi a 1945 a kan yadda juyin mulkin Rasha na 1917 ya rikiɗe ya zama zalunci a hannun Stalin. Malam Bala ya mai da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi, aka buga a Ibadan a 1975. A lokacin, shekara biyar ke nan da ƙare yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, a cikin shekarar ce kuma soja suka kawar da Janar Gowon. Mai karatu bai bukaci a nuna masa Rasha a taswira ba.

Ga yadda labarin yake. Dabbobi sun gaji da wahalar mai gandu, Nomau, suka kore shi. Suka rubuta dokokin zamansu a jikin bango, suka yi alkawarin zama daidai da juna. Aladu suka ɗauki shugabanci domin sun fi sauran ilimi. Ba rana ɗaya aka ƙwace 'yancin ba. Da madara aka fara: ta ɓace, aka ce shugabanni ke bukatarta saboda aikin tunani, kowa ya yi shiru. Sa'an nan Maitumbi ya yi renon 'yan kwikwiyo a ɓoye, da suka girma ya sa su suka kori abokin takararsa Ɗantulu. Wannan Ɗantulu shi ne ya yi jaruntaka ran da mutane suka kawo hari, amma daga baya aka ce maci amana ne tun asali. Kome ya lalace a gandu, sai a ce aikinsa ne.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne bangon nan. Da dare akan ƙara wa doka kalma ɗaya ko biyu, gari ya waye ma'anarta ta juye. Yawancin dabbobin ba su iya karatu ba. Suna ji a ransu ba haka aka yi da su ba, amma ba su da shaida. Jakin da ya iya karatu kuwa ya kame bakinsa. Doki Akawal ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi ga masu yanka, aka sha giya da kuɗinsa. A ƙarshe ba a iya rarrabe alade da mutum.

Littafi Mai Tsarki ya riga su duka. A Littafin Mahukunta sura 9, Abimelek ya kashe 'yan'uwansa don ya ci sarauta. Yotam, wanda ya tsira, ya tsaya a kan Dutsen Gerizim ya ba mutanen Shekem misalin itatuwa masu neman sarki. Zaitun da ɓaure da kuringar inabi suka ƙi, domin suna da aikin yi. Ƙaya ce ta karɓa. Bayan shekara uku, Abimelek da mutanen da suka naɗa shi suka hallaka juna. Idan nagari sun ja da baya, wa zai hau kujera?

'Yan'uwa, yana da sauƙi mu karanta irin waɗannan labarai mu nuna wani da yatsa. Amma Maitumbi bai fara da mugunta ba, shi ma an taɓa zaluntarsa. Zuciyar da ke cikinsa tana cikin kowannenmu. Maigidan da ya sayar da hatsin rumbu bai shawarci uwargida ba, ya taɓa madara. Ma'ajin da ba ya so a karanta lissafin baiko a gaban jama'a, ya fara gyara bango. Wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa ƙazafi ya ce babu ruwansa, ko maƙwabcin nan Kirista ne ko Musulmi, ya bi halin jaki.

Saboda haka mu sa 'ya'yanmu makaranta, mata da maza, iyaye kuma su shiga ajin yaƙi da jahilci. Abin da aka shirya a taron ikilisiya ko na ƙungiyar manoma, a rubuta, a riƙa karanta shi a fili. Mu bar yara su yi tambaya cikin ladabi. In an ba mu riƙon wani abu, mu nemi mai faɗa mana gaskiya mu ajiye kusa. Tun ran gini ran zane, ɓarna kuma tun tana ƙarama ake tare ta.